Kare, Giya da Gumin Lebura: Asalin Manchester United

A watan Janairun 1902 ma'aikatan kotu suka isa filin ƙwallo na Bank Street, a unguwar Clayton ta gabashin birnin Manchester, suka ja ƙofa suka danna mata kwaɗo. Ƙungiyar da ke wasa a filin, Newton Heath, bashi ya yi mata katutu har fam 2,670. Wanda ya kai ƙarar ma ba bare ba ne. Tsohon shugabanta ne, William Healey, yana bin ta fam 242 da sule 17 da kwabo 10, ya gaji da jin gobe da jibi. A lokacin ƙungiyar tana can ƙasa-ƙasa a rukuni na biyu, ba kofi, ba kuɗi, ba wani babban mutum da zai tsaya mata. Da an yi gwanjon kayanta a wannan watan an sallami masu bin bashi, da yau babu wani abu a duniya mai suna Manchester United, jajayen rigunan da samarinmu na Falgore da Rogo da Ƙaraye ke sawa ranar wasa kuwa da na wata ƙungiyar ne daban.

Leburori ne suka kafa ta. A 1878 ma'aikatan sashen ƙera taragu na kamfanin jirgin ƙasa na Lancashire da Yorkshire suka haɗa kansu don su riƙa taɓa ƙwallo in an tashi daga aiki. Rigarsu kore ce da ruwan ɗorawa. Filinsu na farko ko ɗakin sauya kaya babu, sai sun taka zuwa wata mashaya su tuɓe a can, su dawo a ƙafa. Sun shiga rukuni na ɗaya na gasar Ingila a 1892, suka koma Bank Street a 1893, suka faɗo rukuni na biyu a 1894.

Bank Street ɗin nan masana'antun sinadarai ne suka kewaye shi. Hayaƙi mai ɗoyi yakan turnuƙe filin ana tsakar wasa, ciyawa ta ƙi fitowa, in an yi ruwa kuma sai taɓo. A watan Maris 1895 ƙungiyar Walsall ta zo wasa, 'yan wasanta suka dubi filin suka ce wannan ba wurin ƙwallo ba ne. Aka watsa yashi aka lallashe su suka shiga, Newton Heath ta zura musu 14 ba ko ɗaya. Suka kai ƙara, hukumar gasa ta ba su gaskiya, ta soke wasan. Da aka sake, sai aka ci su 9 da nema.

Kyaftin ɗin ƙungiyar a shekarun wahalar nan shi ne Harry Stafford, mai tsaron baya, wanda ainihin sana'arsa ƙera tukunyar injin jirgin ƙasa ce a garin Crewe. Yana da wani ƙaton kare mai suna Major, irin karnukan nan na tsaunukan Turai masu yawan gashi, girmansa ya kai na ɗan maraƙi. A farkon 1901 ƙungiyar ta shirya kasuwar neman taimako ta kwana huɗu a zauren St James da ke tsakiyar Manchester. Aka ɗaura wa Major gwangwanin asusu, yana zagayawa cikin mutane suna jefa kwabbai. Da aka biya hayar zaure, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Kafin a watse kuma aka nemi kare aka rasa.

Kamar yadda labarin ya zo daga iyalin wanda karen ya koma hannunsa, karen ya ƙarasa hannun wani attajiri mai suna John Henry Davies, shugaban wani kamfanin giya na Manchester, wanda ya so ya saya wa 'yarsa shi. Neman mai kare ne ya haɗa shi da Stafford. Mai kare ya ƙi yin cinikin kuɗi kawai, ya zauna ya zayyana wa attajirin halin da ƙungiyarsa ke ciki. A ƙarshe yarinya ta samu kare, Stafford ya samu kunnen mai kuɗi. A wurinmu kare ba abin shiga zaure ba ne, balle a yi alfahari da shi, to amma haka abin ya faru, kuma har yau tsofaffin magoya bayan ƙungiyar a Ingila sun san sunan Major.

Ni dai ba karen ne ya fi tsaya mini a rai ba, mai karen ne. Da aka rufe fili a 1902, Stafford ne ya bi mutane yana roƙo har ya tara kuɗin jirgin da 'yan wasa suka je Bristol suka buga wasansu na gaba, shi ne kuma ya nemo aron fili don kada ƙaramar ƙungiyarsu ta rasa wurin wasa. A watan Maris aka kira taron masu hannun jari a zauren New Islington. Ana cikin lissafin bashi kowa ya sunkuyar da kai, sai Stafford ya miƙe ya ce ya samo 'yan kasuwa huɗu, kowanne zai zuba fam 500, da sharaɗin a ba su ragamar ƙungiya. Davies na cikinsu, shi ya zama shugaba. A ƙarshen Afrilu 1902 aka sauya suna. An kawo shawarar Manchester Central da Manchester Celtic aka ƙi, aka tsaya a kan Manchester United. Aka sauya kayan wasa, aka ɗauki ja da fari. Babu amfanin ɓoyewa: kuɗin giya ne ya tashi ƙungiyar daga kwance, kuma tun daga ranar ta bar hannun leburori ta koma hannun masu kuɗi.

A wannan shekarar ta 1902, a wannan birnin na Manchester, masu masaƙu suka kafa ƙungiyar BCGA don neman inda za a noma musu auduga a ƙasashen da Ingila ta mallaka. A Fabrairun 1903 sojan Turawa suka ci Kano, a 1911 layin dogo ya iso ta, kuma fatan samun auduga na cikin manyan dalilan shimfiɗa shi. Audugar da kakanninmu na yammacin Kano da kudancin Katsina suka noma, aka gurza a Zariya da Funtuwa, masaƙun Lancashire aka nufa da ita, ma'aikatan irin waɗannan masaƙu kuwa su ne ke cika filin ƙwallo ranar Asabar da yamma. Alaƙarmu da Manchester ta girmi talabijin da gidan kallo nesa ba kusa ba.

Davies ya ɗauko Ernest Mangnall daga Burnley a 1903 ya damƙa masa ƙungiya. Mangnall ya sayo Charlie Roberts daga Grimsby a 1904, saurayi mai tsaron tsakiya wanda ya zama kyaftin, a 1906 kuma suka koma rukuni na ɗaya. Sai ga garaɓasa ta faɗo daga gidan maƙwabta. A zamanin dokar hukumar ƙwallo ta FA ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 4 a mako. Manchester City, wadda ta ci kofin FA a 1904, tana ƙara wa 'yan wasanta ta bayan fage. Aka zargi tauraronsu Billy Meredith da yi wa kyaftin ɗin Aston Villa tayin fam 10 don ya saki wasa, aka dakatar da shi. Da ya ga City ta juya masa baya, sai ya fasa ƙwai. Hukuma ta dakatar da 'yan wasan City 17, ta kuma haramta musu sake buga wa ƙungiyar. Ana shirin gwanjonsu a wani otal, Mangnall ya riga kowa, ya kwashe Meredith da Sandy Turnbull da Jimmy Bannister da Herbert Burgess.

Meredith mutumin Chirk ne a Wales, tun yana ɗan shekara 12 yake aiki a ramin haƙar kwal. Siriri ne mai gashin baki, yana wasa a gefen dama, kullum da tsinken sakace a bakinsa yana juya shi daga wannan gefe zuwa wancan. Turnbull kuma ɗan Scotland ne daga ƙauyen Hurlford, shi ma ɗan ramin kwal, gajere kakkaura mai zafin zuciya. Ranar 1 ga Janairu 1907 wa'adin dakatarwarsu ya cika, suka fito a jar riga suka fuskanci Aston Villa. Meredith ya kwaso ƙwallo ta gefe ya ɗago ta, Turnbull ya sa ta a raga, aka tashi 1 da nema. A kakar 1907 zuwa 1908 United ta ci gasar Ingila karo na farko, da ratar maki 9, Turnbull ya zura 25. Ranar 24 ga Afrilu 1909, a filin Crystal Palace na Landan, ta doke Bristol City 1 da nema ta ɗauki kofin FA na farko. Turnbull yana fama da ciwon gwiwa a ranar, Roberts ne ya matsa a saka shi, shi ya kuma ci ƙwallon. Shekara bakwai ke nan da danna wa filinsu kwaɗo.

Duk da haka, in aka tambaye ni abin da ya fi kofunan nan daraja a tarihin waɗannan mutane, zan ce abin da suka yi a watannin da suka biyo bayan kofin ne.

Ɗan ƙwallo a lokacin ba shi da iko da kansa. Ban da ƙayyade albashi, in ya sa hannu a ƙungiya ba shi da damar barinta sai ta yarda, ko da kwantiraginsa ya ƙare, ko da ta daina biyansa. In ya karye ko ya mutu, iyalinsa sai abin da aka ga dama aka ba su. A watan Afrilu 1907 wani matashin ɗan wasan United, Tommy Blackstock, ya sa wa ƙwallo kai a wasan ƙaramar ƙungiya, ya yanke jiki ya faɗi, bai tashi ba. Yadda aka yi da iyalinsa wajen kuɗi ya ɓata wa abokan wasansa rai ƙwarai. Ranar 2 ga Disamba 1907, a otal ɗin Imperial na Manchester, Meredith ya jagoranci taron da aka kafa ƙungiyar ƙwadagon 'yan ƙwallo, Roberts da Turnbull suna wurin. Mutanen da suka tashi a ramin kwal sun san amfanin haɗa kai tun suna yara.

Da farko FA ta yi kamar ta amince. Amma da ƙungiyar ta nemi shiga babbar haɗakar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa a 1909, sai hukuma ta janye amincewarta, ta ba kowane ɗan wasa zaɓi: ko ya fita daga ƙungiyar, ko a kore shi daga ƙwallo. Akasarin 'yan wasan Ingila suka sa hannu suka fita. 'Yan wasan United, masu riƙe da kofin FA, suka ce ba su fita. Aka dakatar da su, aka tsayar da albashinsu, aka hana su shiga filinsu.

Roberts ya ba da labarin ranar da suka je ofis karɓar kuɗin mako suka tarar ba kowa sai yaron ofis. Suka zauna jira, ba labari. Can Turnbull ya miƙe ya ciro wani hoto daga bango ya sa a hammata ya fice, sauran suka bi sahu, wannan ya ɗauki madubi, wancan ya ɗauki burushin gashi, suka kai wata mashaya ta bakin titi suka sayar don su samu na cefane. Daga baya Roberts ya bi ya karɓo kayan ya mayar. Waɗannan fa su ne masu riƙe da kofin FA. Suka koma yin atisaye da kansu a wani fili a unguwar Fallowfield. Da mai ɗaukar hoto ya zo, Roberts ya samo allo ya rubuta musu sabon suna, The Outcasts FC, wato ƙungiyar korarru, suka jeru a bayansa. Hoton ya zagaye jaridu. Tim Coleman na Everton ya fito ya mara musu baya, 'yan wasan wasu ƙungiyoyi suka fara komawa ƙungiyar ƙwadagon, har ta bayyana cewa ba za a iya buɗe kakar wasa ba. Ranar 31 ga Agusta 1909, ana jajiberin fara gasa, FA ta sauko. Aka amince da ƙungiyar, aka janye dakatarwa, aka biya bashin albashi.

Nasarar ba cikakkiya ba ce. Ƙungiyar ta haƙura da shiga haɗakar ƙwadago, dokar ƙayyade albashi kuma ta ci gaba har 1961. Roberts, wanda ake lissafawa cikin gwanayen masu tsaron baya na zamaninsa, sau uku kacal ya buga wa Ingila, duk a 1905, ba a sake kiransa ba. Amma ƙungiyar da suka ƙi bari ta mutu ita ce PFA ta yau. Duk ɗan Afirka da ke karɓar albashinsa cif-cif a Ingila, da inshorarsa da lauyansa, yana cin gumin mutanen nan.

Davies dai ya ci gaba da zuba kuɗi. Ya sayi fili a Old Trafford, kusa da mashigin ruwan da jirage ke bi su kai kaya cikin Manchester, aka kashe kimanin fam 60,000, magini Archibald Leitch ya zana fili mai cin mutum 80,000. Sun yi wasan ban kwana da Bank Street a Janairun 1910, suka ci Tottenham 5 da nema, bayan 'yan kwanaki guguwa ta kwashe rufin rumfar 'yan kallo ta watsa kan gidajen maƙwabta. Ranar 19 ga Fabrairu 1910 aka buɗe Old Trafford, Turnbull ya ci ƙwallon farko a filin, amma Liverpool ta yi nasara 4 da 3. A 1911 suka sake cin gasa. Daga nan abubuwa suka fara zamewa: Mangnall ya koma City a 1912, aka sayar da Roberts ga Oldham a 1913, bashin gini ya danne ƙungiya, a 1914 yaƙin duniya ya ɓarke.

Ranar Juma'a 2 ga Afrilu 1915 Liverpool ta zo Old Trafford. United tana bakin faɗawa rukuni na biyu, Liverpool tana tsakiyar tebur ba ta neman komai. Kowa ya san in kakar ta ƙare za a rufe gasa saboda yaƙi, albashi ya tsaya. Kafin wasan, masu shagunan caca suka ga kuɗi na ta kwararowa a kan sakamako guda ɗaya tak: United 2, Liverpool ba ko ɗaya.

George Anderson ya ci ta farko. Aka ba United bugun fenareti, kyaftin Patrick O'Connell ya buga ta can gefe, nesa da turke. Anderson ya ƙara ta biyu, daga nan sai wasa ya mutu. Ana samun ƙwallo sai a doka ta waje. 'Yan kallo suka fara ihu, don ko makaho ya san an daina ƙwallo. Meredith ya ce ya rasa dalilin da abokan wasansa suka ƙi ba shi ƙwallo a ranar. Ana dab da tashi, ɗan gaban Liverpool Fred Pagnam, wanda ya ƙi shiga cinikin, ya sheƙa wata ƙwallo ta daki sandar sama. Maimakon abokan wasansa su ƙarfafa masa gwiwa, sai wasunsu suka hau shi da faɗa a gaban jama'a. Aka tashi 2 da nema, kamar yadda aka shirya.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Masu caca suka ƙi biya, ɗayansu ya buga sanarwa a jarida yana alkawarin tukuici ga duk wanda ya tona asiri, hukuma ta kafa kwamitin bincike. A Disambar 1915 aka haramta wa 'yan wasa bakwai na ƙungiyoyin biyu ƙwallo har abada: Jackie Sheldon, tsohon ɗan United da aka ce shi ya kitsa abin, da Tom Miller da Bob Pursell da Tom Fairfoul daga Liverpool, sai Enoch West da Arthur Whalley da Sandy Turnbull daga United. O'Connell ba a same shi da laifi ba, daga baya ya tafi Sifaniya ya ci gasa da Real Betis a 1935, ya kuma horar da Barcelona.

Sunan Turnbull a jerin nan yana yi mini ciwo. Mutumin da ya yarda ya rasa albashi don kare haƙƙin 'yan'uwansa a 1909, shi ne ya sa hannu aka cuci leburorin da suka biya kuɗin ƙofa daga guminsu a 1915, kuma ko wasan bai buga ba a ranar. Tsoron talauci ne ya ja su, na yarda, amma tsoron talauci bai halatta ha'inci ba. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga yaranmu sun duƙufa a kan waya suna zuba kuɗin taki da na makaranta a cacar ƙwallo. Wasan da suke caca a kansa, tun fiye da shekara 100 aka taɓa sayar da irinsa a ɗaya daga cikin manyan filayen Ingila.

Turnbull ya shiga soja. Ranar 3 ga Mayu 1917 aka kashe shi a yaƙin Arras a Faransa, ba a ga gawarsa ba, ya bar mata da 'ya'ya. A 1919 hukuma ta yafe wa sauran saboda hidimar da suka yi a lokacin yaƙi, ta haɗa da shi bayan ransa. Enoch West ne kaɗai aka bari, don ya dage cewa bai yi ba, ya kai hukuma kotu ya faɗi. Sai a 1945 aka ɗage masa, yana ɗan shekara 59.

Masu goyon bayan Chelsea da Arsenal, ku ma labarin nan ya shafe ku. A ƙarshen kakar 1915 United tana da maki 30, Chelsea 29, Tottenham 28, ƙungiyoyi biyu na ƙarshe kuma su ke faɗuwa. Da aka dawo gasa a 1919 aka faɗaɗa rukuni na ɗaya daga ƙungiya 20 zuwa 22, aka bar Chelsea a ciki saboda kowa ya san an cuce ta. Kujerar da ta rage aka jefa ƙuri'a a kanta, Arsenal, wadda ta zo ta biyar a rukuni na biyu, ta samu 18, Tottenham ta samu 8. Tun daga ranar Arsenal ba ta sake faɗuwa ba. Ita kuwa United, hukuma ta ce 'yan wasa ne suka yi abinsu ba da sanin shugabanni ba, don haka ba a ci ta tara ba, ba a soke wasan ba. Maki biyun nan da aka saya har yau suna rubuce da sunanta a teburin gasar 1914 zuwa 1915.